Hannun Da Ka Ƙi Ɗaurewa

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa ɗanka ya shiga dambe. Na san da kana raye sai ka yi dariya har da ƙwalla.

Tumbi ne ya jawo, Baba. Zaman ofishin aika kaya a unguwar Deira, nan ƙasar Larabawa, ya sa likita ya ce in motsa jiki, shi ne na shiga wani gidan horon dambe a unguwar Al Qusais. Mai horarwar dattijo ne, Bayahude, muna ce masa Malam Dauda. Da ƙuruciyarsa ɗan damben Turawa ne, ajin masu nauyi. Hancinsa a baje yake, amma bai iya fushi ba.

Ranar farko na gyara tsayuwa irin taka: na miƙa hagu a buɗe, na janye dama can baya. Ya zagaye ni sau biyu yana ƙyaƙyata dariya, ya ce safar hannu biyu ya ba ni, me ɗayar ta yi mini? Na ce ai gado ne, ubana mahauci ne, da hannu ɗaya yake kai ƙato ƙasa.

Ban faɗa masa sauran ba. Ka tuna babban wasan nan da aka mayar ranar Juma'a, ka ce, "Ni ba na ɗaura zare ran Juma'a," ka zauna a gida? Makaɗa suka saka ka a waƙa, aka riƙa ce mini ɗan mai gudu. Na ji haushinka, Baba, har ka bar duniya ban daina ba.

To, Malam Dauda kan rufe gidan kafin faɗuwar rana ran Juma'a, Asabar kuwa ko ƙeyarsa ba a gani. Da na tsokane shi da lalaci, ya ce hutun addininsu ne. Ya ce wasan da zai kai shi neman kambu ma Asabar ya faɗa, ya nemi a ɗaga aka ƙi, ya haƙura. Jaridun garinsu suka kira shi matsoraci, damar kuma ba ta sake dawowa ba. Yana faɗa yana ɓare dabino, ya ce duk wasanninsa wannan ya fi alfahari da shi.

A jirgin ƙasa na metro, kan hanyar gida, na yi ta share hawaye, wani Bafilipine har da miƙo mini tishu.

Ka yafe mini, Baba. Washegarin Asabar na ba shi labarinka kaf. Ya tambayi sunanka, ya maimaita sau biyu, ya ce ya so a ce kun kara, in dai ranar Lahadi ce.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makoma, ya sada mu da alheri.

Naka, mai tumbi da safa biyu,
Ɗan mai gudu.