Ruwan Da Ya Kai Baba Gida

Gashua,
8 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Yaya Bintu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Ajimi da jaririya. Yaya ruwan zafi? Yaya kuma zafin Nguru?

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, jikin Baba ya ƙi. Likita ya ja ni gefe ya ce sai dai addu'a. Baba kuwa kamar ya ji mu, tun ranar yake roƙona in mayar da shi gida. Ya ce bai yarda a shiga da shi ƙauye a lulluɓe ba, so yake ya ga ƙofar gidansa da idonsa. Kin san Baba in ya kafe. Na yi masa alkawari.

Na kai tsohuwar motata ta ɗaukar hatsi garejin Festus ya duba min ita, don rairayin bayan Yusufari, hanyar ƙauyenmu, ba ya wasa. Ya tarar da wani ɗan tiyo ya tsattsage, wanda ke kai ruwan zafi daga inji ya ɗumama kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska. Wai don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, mu da rana ke dafa mana ƙwai ba mu da bukatarsa. Sabo kuma babu a kasuwa. Ya so ya cire shi ya haɗa hanyar ruwan kai tsaye, har ya nuna min yadda ake yi. Na hana, na ce wanda ya ƙera mota bai sa shi don ado ba. Ya girgiza kai, ya naɗe shi da roba.

Jibi za mu tashi in Allah ya yarda. Kada ki ce za ki taso da ɗanyen jego, Baba da kansa ya ce in hana ki. Ki dai sa mu a addu'a.

Naki ƙane,
Madu.

Gashua,
19 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Yaya Bintu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar rashin da muka yi. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na san direbobi sun kawo miki labarin rasuwar, amma ba su san abin da ya faru a hanya ba.

Mun wuce Yusufari rana na tsakar ka, sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Don ruɗewa na juye rabin jarkar ruwanmu a lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, kafin in duba, ruwan ya bi ta ƙasa rairayi ya shanye. Ɗan tiyon nan ne ya fashe. Taurin kan da na gada ya ci ni. Na cire tiyon na yar, na zare ɗan'uwansa mai fitowa daga kafireto, na lanƙwaso shi na cusa a gurbin wanda ya fashe, na ɗaure da waya. Yoyo ya tsaya. Amma ragowar ruwan bai isa ba, ga shi babu rijiya, babu ko inuwar raƙumi a hanyar. Baba na jingine a kujerar gaba, numfashinsa na sama-sama. Na tsuguna jikin taya na yi kuka, Yaya.

Sai ya kira ni, ya nuna buhunsa. A ciki, naɗe da likkafaninsa, galan ɗin Zamzam ɗin nan ne da ya zo da shi daga Makka, wanda ya hana kowa kurɓa don a yi masa wanka da shi. Ya ce in zuba a lagireto. Na ƙi. Ya ce ruwan ai nasa ne, kuma gawa ba ta san da wane ruwa aka wanke ta ba, shi kuwa da ransa ya san inda yake so ya je. Na zuba da bismilla.

Mun shiga ƙauye da la'asar, idonsa biyu. Ya hana a shimfiɗa tabarma, a kan rairayin ƙofar gida muka kwantar da shi. Maƙwabta suka taru, ya kira kowa da sunansa, aka yafi juna. Washegari da hantsi ya cika. Da ruwan rijiya aka wanke shi, abin ya tsaya min a rai.

Da aka rufe kabari aka nemi ruwan yayyafi, sai na matso da mota, na kwance ƙasan lagireto na tara ƙwarya. Ruwan ya fito jajawur da tsatsa. Liman ya tambaye ni wane irin ruwa ne wannan, na gaya masa. Sai ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, shi ya fara yayyafawa.

Ki gaishe da Malam Ajimi, ki shafa min kan jaririya. Allah ya ba mu haƙuri.

Naki ƙane,
Madu.