Taurari a Ƙwaryar Kunu

Zuwa ga Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya maigida da jariri? Muna lafiya, Mama tana ta shanyar citta.

Yaya, na yi magana a aji! Malam ya nuna mana hoton tarin taurari mai wani abu kamar sanda a tsakiya. Ya ce sandar tana jawo iskar gas ciki, ta taru ta haifi sababbin taurari. Muryata na rawa na ce, "Kamar tsaki in an juya kunu, ya taru a tsakiyar ƙwarya?" Aka kwashe da dariya, amma Malam ya ce, "Ke za ki wakilce mu a gasar kimiyya da za a yi a Kagoro."

Ki yi mini addu'a kada muryar ta gudu ranar. Gai da kowa.

Ƙanwarki,
Talatu