Ni na bi gida-gida aka sa hannu, aka cire mana danja

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai.

Daminar bana ta yi mana nauyi a Libreville, ruwa ba ƙaƙƙautawa, kasuwa ba ciniki, kowa a gajiye. Danjar mararrabarmu a unguwar PK8, fitilar ba da hannu, yau ta kama gobe ta mutu, kuma nan yaranmu ke tsallakawa zuwa lakwal, wato makaranta. Sai yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shago a bakin mararrabar, ya kawo min takarda da Faransanci, ya ce ta roƙon a gyara danja ce, in bi mata su sa hannu tunda sun yarda da ni. Ni yaƙi da jahilci na yi, Hausa nake karantawa, Faransanci a baki kawai nake jinsa. To amma matan unguwa Malama suke ce min, ni ke karanta musu saƙo a waya, sai na ji kunyar in ce a karanta min. Na bi gida-gida cikin ruwa, masu dangwala yatsa suka dangwala.

Bayan wata biyu aka tumɓuke danjar, aka kafa allon STOP, wanda masu taksi ko kallonsa ba sa yi. Makon jiya taksi ya buge Habiba, 'yar maƙwabciyata, ƙafa ta karye.

Jiya da zargi ya shige ni, na nuna wa wata mai sayar da magani hoton takardar da na ɗauka a waya, ta karanta min. Ashe roƙo ne a cire danjar gaba ɗaya. Na sami Yaya, ko musu bai yi ba. Wai layin motoci ke toshe masa ƙofar shago, motar kaya ba ta samun wurin saukewa, wai ni da nake Malama me ya hana ni karantawa. Ya ce in na buɗe baki in manta ina da ɗan'uwa a ƙasar nan, kuma wallahi shi kaɗai gare ni.

Yau da safe na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu har yaran unguwa suka tsallaka, sannan na kai kunu asibiti. Maman Habiba ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, takardarmu ba su duba ba, ki taimaka ki sake haɗa mana wata." Na ce to, ban iya kallonta ba.

'Yan uwa, in faɗa mata abin da yatsanta ya dangwala, ko in rufa wa Yaya asiri?