Khairiyya Ta Taka, Uwarta Ba Ta Sani Ba

Anti Kubura, don Allah ki taimake ni da shawara, wani abu ya tsaya mini a rai.

Ni mai reno ce a Gwandu. Ni da ƙanwata Sadiya muke riƙe da yara bakwai, 'ya'yan malamai da ma'aikatan asibiti. Bara wata ƙungiyar mata ta tara mu a Kalgo aka horar da mu. Na ƙaru sosai. Can na koyi wanke hannu bayan gyara kowane yaro, da raba yaran tsakaninmu kowa ta san nata, har da yi wa jariri hira ko bai iya amsawa. Amma abin da malamar ta fi nanatawa shi ne kada a ɓoye wa uwa komai.

Cikin nawa akwai Khairiyya. Tana jaririya aka kawo ta, yanzu ta haura shekara. Uwarta Malama Nafisa a Ceberu take koyarwa, da sassafe take hawa kabu-kabu, sai la'asar ta dawo a gajiye. Ta daɗe tana neman haihuwa kafin ta same ta. Kullum addu'arta Allah ya sa a gabanta yarinyar za ta fara tafiya, tunda zama da rarrafe duk a hannuna aka yi.

To Anti, ranar Talata ina ba wani yaro koko, sai Khairiyya ta saki turmin da take dafe da shi, ta taho tana tangaɗi tana dariya, ta faɗo jikina. Na rangaɗa guɗa, na rungume ta, sai kuma na tuna addu'ar uwarta. Da Malama ta zo na ce lafiya lau muka wuni, na ja bakina. A gida wai ko gwadawa ba ta yi, sai ɗauka take so.

Ga shi makon jiya ta ƙi sauka daga bayana. Uwar ta miƙo hannu, ta kau da kai tana ce mini Inna. Malama ta yi murmushi, amma na ga ƙwalla. Ta ce tana tunanin ajiye aikin, alhali ita ke riƙe da tsohuwarta. Sadiya ta ce in faɗa mata batun tafiyar kawai, amana ce. Ni kuwa tausayi nake ji. Wallahi ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta, kuma ba na son son nan ya zama ciwon uwarta. Yaya zan yi?

Mai Reno, Gwandu

Ƙanwata mai reno, Allah ya saka miki. Yaro ba ya tafiya sai wurin wanda ya amince da shi, don haka kada ki ji kunyar son da take miki.

Sadiya da malamarku suna da gaskiya. In Malama ta ji labarin a bakin wani, gobe ko zazzaɓi kika ce babu sai ta yi shakka. Ke ma tausayinki yana kan hanya, albishir yana son a iya kai shi. Idan ta zo gobe, zaunar da ita inda kika zauna, ki tsayar da Khairiyya, ke ki koma bayan uwar. Ko ta taka ko ba ta taka ba, ki faɗa mata a ranar cewa ta fara, kuma tausayi ne ya hana ki magana. Turmin nan dai a kawar da shi, yana iya faɗo wa yaro.

Ƙin sauka ba ƙin uwa ba ne, yara da yawa haka suke yi da yamma. Ki riƙa sauke ta kafin la'asar, ki wanke mata fuska kina ce mata Inna na nan tafe. Ke ki zama Gwaggo. Malama ta ɗan zauna su yi wasa kafin su tafi. Batun aiki nata ne da maigidanta, ke dai ki nuna mata 'yarta ba ta manta da ita ba.

Sannan ki duba sauran yaranki, kada Khairiyya ta cinye bayan ita kaɗai.

Allah ya raya su duka, ya sa ki ga ranar da za su zo gaishe ki da nasu 'ya'yan.

Anti Kubura