Hoton Ƙwaƙwalwar da Kuke Nema Kafin In Koma Aji

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Makarantar Al'umma ta garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Alhaji da iyali kuna lafiya. Yaya aikin damina, yaya ɗawainiyar jama'a? Allah ya ƙara muku lafiya.

Na rubuto a fili ne domin zancena ya riga ya fita fili. Har a kasuwar Maƙarfi an ji cewa Malam Haladu ba zai koma aji ba sai ya kawo hoton ƙwaƙwalwarsa.

Ba na musun abin da ya faru. Ina koyar da lissafi a makarantar nan ciwon ya same ni. Na riƙa jin muryoyin da babu masu su, na yi imani ana bibiyata, har wata safiya na bar yara a aji na kama hanyar Likoro a ƙasa. Yayana Idi ne ya samo ni ya kai ni asibiti a Zariya. Likita ya ce sunan ciwon sikizofireniya, ya ɗora ni a kan allura wata-wata. Damina biyu ke nan ban tsallake ranar allura ba, muryoyin kuma sun yi shiru. Ban taɓa ɗaga wa ɗan kowa hannu ba, ko ina tsakiyar ciwon.

Ga ƙorafina.

Na farko, na kawo muku shaidar likitan da yake dubana cewa zan iya aiki, kuka ture ta gefe. Hujjarku wani bidiyo ne da kuka gani a waya, wai yanzu akwai na'urar da take auna sinadaran ƙwaƙwalwa ta nuna wanda ya warke.

Na biyu, ban yi muku gardama ba. Na koma Zariya, aka kwantar da ni, aka tura kaina cikin na'ura mai ƙara kamar injin niƙa. Mutumin da ya sha fama da muryoyi ya san tsoron da ke cikin wannan kwanciya, amma na daure. Hoto ya fito, babu ƙari, babu rauni. Da na kawo, kuka ɗaga shi wajen taga kuka ce, "Ai ba irin wannan ba ne, mai nuna sinadarin muke so."

Na uku, na mayar wa likita da maganarku. Ya ce gaskiya ne masu bincike suna auna wasu sinadaran da ƙwaƙwalwa ke isar da saƙo da su, irin wanda ake kira dofamin, ta hanyar hoto na musamman. Amma jama'a da yawa suke tarawa, masu ciwo da masu lafiya, su gwada wannan rukuni da wancan. Awon wani mai lafiyar ma yakan yi daidai da na mai ciwo. Ya ce ba a kama ciwon nan da hoto, ba a kuma sallamar mutum da hoto. Ana duba barcinsa ne, da maganarsa, da yadda yake zama da mutane. Wato, ranka ya daɗe, kun aike ni neman abin da babu likitan da zai ba ni.

Ni ba ni kaɗai nake ɗauke da wannan ba. 'Yata Maryam tana aji huɗu a makarantar, kuma sunanta ya koma 'yar mahaukaci. Kwanakin baya ta tambaye ni ko in an samo hoton za a daina faɗa mata haka. Uwarta ta daina shiga gidan suna saboda tambayoyi. Ajin da na bari kuwa har yau babu tsayayyen malamin lissafi. A cikin malamanmu akwai mai hawan jini, akwai mai ciwon sukari, kowa yana shan maganinsa yana aikinsa, ba a ce wa kowa ya kawo hoton cikinsa ba.

Ina roƙon ku janye wannan sharaɗi. In kuna shakka, ku wakilta mutum ɗaya daga kwamiti ya raka ni Zariya ranar allurata, ya tambayi likita duk abin da yake so, na yarda. Sannan ku ba ni zango ɗaya na gwaji, shugaban makaranta ya zauna a bayan ajina duk ranar da ya ga dama. Idan kuka ga alamar ciwo, ku faɗa mini a fuskata, ni da kaina zan ajiye alli. In kuma kun riga kun yanke cewa ba za ku mayar da ni ba, ku faɗa a fili, ku daina fakewa da na'ura. Zan koma gonar masarata a Taba in san matsayina.

Allah ya tsare ku da zuriyarku daga ciwon da zai sa a daina yarda da maganarku, ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam.

Malam Haladu,
malamin lissafi, Taba.