Bushin Tagulla Biyu a Keken Yayata

Anti Lorna,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki buga sunana a shafinki na jarida. Kin san garinmu Cumberland, ko atishawa mutum ya yi a kantin burodi sai an ji a makaranta. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har aminiyata: ba don son keke na shiga ƙungiyar keken dutse ta makarantarmu ba. Saboda wani yaro na shiga. Zan kira shi Anders, ba sunansa ba ne, amma ya dace da shi.

Shekarata goma sha shida. Ni ce wadda ke zama a kujerar baya ta motar ƙungiya da littafin soyayya a ɓoye cikin rigar ruwa. A cikin littattafan nan yarinya kullum tana da amsa a bakinta. Ni kuwa in Anders ya ce min sannu, sai na kai gida nake tuno abin da ya kamata in ce.

Keken da nake hawa na yayata ne, Maren, irin mai shokozoba gaba da baya. Damina biyu ta yi tana aikin dashen itatuwa a arewa, ƙudaje na cin ta, kafin ta mallake shi. Da za ta tafi jami'a a Calgary ta ce min, "Ki hau shi, ki dama shi da laka yadda kike so, amma ko noti ɗaya kada ki kwance masa."

Matsalata gangara ce. Da zarar hanya ta miƙe tsaye zuwa ƙasa, sai in ji kamar keken zai wurgo ni ta kansa, in damƙe birki har yatsuna su sage. Shi ya sa 'yan ƙungiya suke kira na Kaka. Suna ƙasa suna jira suna ihu, "Kaka, mu aiko miki da sanda ne?" Ina dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Wata uku da suka wuce, bayan atisaye, Anders ya zo ya miƙo min 'yar leda. Bushin ne guda biyu na tagulla, wato ƙananan zobba masu kauri, irin waɗanda ake sawa a idanun shokozobar baya, sama da ƙasa, inda noti yake ratsawa. Shi ya sassaƙa su da kansa a injin babansa. Ya ce, "Duba, ramin ba a tsakiya yake ba, da gangan ne. In aka juya ramukan suka kalli juna, shokozobar ta zama kamar ta ɗan gajarce, keken ya ɗan zauna ta baya, tayar gaba ta miƙa gaba. Ba za ki ƙara jin kamar za ki kifa ba." Duk zamana a ƙungiyar bai taɓa yi min magana mai tsawon haka ba. A nan bayan motar koci muka ɗaura su, ina riƙe masa keken, ruwa na tsiyaya daga gashinsa. Na tuna maganar Maren, Anti, na tuna sarai. Na ci gaba da riƙe keken.

Kuma sun yi aiki! A makon na sauko gangarar duwatsun nan da kullum nake sauka in tura, ban sa ƙafa a ƙasa ba. Wani ya yi ihu, "Kai, an yi wa Kaka sabbin gwiwoyi!" Anders kuwa ya ɗaga min babban yatsa. Na yi kwana uku ina ganin yatsan nan.

To ga inda gizo ke saƙa. Tun daga lokacin fedata take bugun saiwoyi a hawa, sau ɗaya har ta tsayar da ni cak na faɗa cikin ciyayi. Wannan zan iya jurewa. Amma in na yi tsalle na dira da ƙarfi sai in ji wani ƙara ta bayana, kamar an ja zif da sauri. Jiya da nake wanke keken na gani: a bayan bututun da ke riƙe sirdi fenti ya goge, faɗin babban yatsa, har farin ƙarfe ya leƙo.

Gasar yankinmu saura mako biyu, hanyar cike take da tsalle. In na cire bushin, na koma Kaka. Kuma ba wannan ne ya fi damuna ba. Kullum a makaranta Anders yakan tsaya ya ce, "Yaya bushin?" in ce, "Lafiya lau." Iyakar hirarmu ke nan a duniya. In na ce masa abin da ya ƙera da hannunsa yana cin keken yayata, me zai ji? In na cire, me zai tambaye ni gobe? Kuma Anti, mutum zai tsaya a gareji mai sanyi yana sassaƙa wa yarinya tagulla haka kawai?

Na yi niyyar yaga takardar nan. Amma na sake zuwa na shafa wurin da yatsana, na ji ya ɗan yi kaushi. Gobe kan hanyar makaranta zan biya ta shagonku na gyaran keke in jefa ta a akwatinki, ko da kuwa kina tsaye kina kallona.

Wadda kullum take zuwa ƙarshe

*

'Yata,

Na gode da kika jefa. Bari mu fara da keken, shi ne ba ya jira.

Ki daina tsalle da shi daga yau. Ƙaran da kike ji tayar baya ce take gugar bututun sirdi in shokozoba ta nutse har ƙarshe. Bushin ɗin sun matso da tayar kusa da jikin keken, kuma na tabbata tayar laka mai manyan haƙora kika sa, kamar kowa a nan. Yau fenti ne. Wata rana tayar za ta cije a daidai lokacin da kike dira, wannan kuwa ba fenti kaɗai zai tafi ba.

Anders bai yi miki ƙarya ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da bushin ɗin suke yi, jikinki ma ya shaida. Mataki ɗaya ya tsallake, wanda manya masu gemu ma suke tsallakewa saboda ɗokin hawa. Duk wanda ya sa irin wannan bushin, kafin ya hau sai ya rubuta yawan iskar da ke cikin shokozoba, ya sace iskar duka, ya danna sirdi har ƙasa, ya leƙa. Ana son sarari tsakanin taya da bututu, aƙalla kaurin fensir, saboda laka ma tana son wurinta. A duba kuma kada jikin shokozobar ya taɓa komai. Kada wani ya ce miki ki ƙara iska kawai. Wannan rufe ido ne, babbar dira ɗaya za ta tona.

Ba lallai ki rasa duka ba. Ki cire guda ɗaya, ki mayar da na asali a gurbinsa, ki sake gwajin. Sau da yawa ɗaya yana wucewa, kuma rabin kwanciyar hankalin nan zai zauna. Bugun feda ma zai ragu, tunda cikin keken zai ɗan ɗago daga ƙasa. In ɗayan ma bai wuce ba, a cire, mu ɗaga miki kan keken kaɗan, akwai sauran dabaru. Kuma kada ki ba tagulla duk ladan gangarar nan. Canjin da bushin ke kawowa a karkatar gaban keken bai fi digiri ɗaya ba. Sauran ke ce kika sassauta birki.

Ki kawo keken in duba wurin da ya goge. In fenti ne kawai, shafawa ce. Maren kuwa ki kira ta kafin nan, ki faɗa mata da bakinki. Za ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya, ta ja miki kunne kin ji kin ƙi. Faɗan waya ya fi sauƙi a kan ta dawo hutu ta gani da idonta.

Sai Anders. Kin tambaye ni ko so ne. Ban sani ba, ni makanikiya ce. Na ga yara da suka sassaƙa abu don yarinya, na ga waɗanda suka sassaƙa don injin yana musu daɗi. Abin da na sani shi ne, ya lura da abin da ke ba ki tsoro a lokacin da sauran suke tsokana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kada ki gina masa bene a kai tukuna.

Kuma kin karanta tambayarsa a baibai. Mai ƙira in ya ce "yaya abin?" kullum, ba "lafiya lau" yake nema ba, so yake ya ji yadda abin yake aiki. Wata uku kina rufe masa ƙofa da ladabi. Gobe ki ce masa tayar tana guga, kina son ya zo da famfonsa na iska ku gwada. Wataƙila kunnensa ya yi ja na ɗan lokaci. In ya yi fushi don kin faɗi gaskiya a kan abin da zai iya karya miki wuya, kin san shi da wuri, kuma da araha. In ya zo, gwajin nan mutum biyu yake so, ɗaya ya danna sirdi, ɗaya ya durƙusa ya leƙa, kuma dole su yi magana.

Allah ya ba ki sa'a a gasar, ya sauko da ke lafiya. Ki kira yayarki yau.

Lorna