Kada a Saka Darnell Pruitt a Fili Ranar Asabar

Lyle Brandvold,
Lamba 14, Titin Elm,
Marlow Creek, Jihar Iowa.
Laraba, 16 ga Nuwamba, 2016.

Zuwa ga:
Dakta Lorraine Vesely,
Shugabar Kwalejin Marlow Creek.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: SALLAMATA DAGA AIKI DA KUMA SHIRIN MAYAR DA ƊAN WASA MARAR LAFIYA CIKIN FILI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne babban kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta wannan kwaleji, ko in ce ni ne har zuwa safiyar Litinin da ta wuce. Na nemi ganinki sau uku, sakatarenki ya ce kina taro. Shi ya sa na rubuto.

1. Na fara aiki a nan a 1978, ina mataimakin koci. A 1986 wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke ni horar da 'yan baya, na yi shekara goma sha huɗu a can. A 2000 na dawo gida, kuma a kakar wasa goma sha bakwai ba a taɓa rubuta mini takardar gargaɗi ba. Ba yabon kai nake yi ba, so nake a san cewa na ga bugu iri-iri, na kuma san wanda ake tashi daga shi a ci gaba.

2. Ranar Asabar, 12 ga wata, a kashi na uku na wasa, muna gaba da maki uku, aka kayar da mai jefa mana ƙwallo, Darnell Pruitt, ɗan aji huɗu. Hular kwanonsa ta daki ƙasa har na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Da ya miƙe, sai ya nufi bencin abokan karawarmu. Na sa aka riƙo shi, na tambaye shi wane gari muke, ya ambaci garin da aka haife shi. Sannan ya yi amai a bayan benci. Likitar ƙungiya, Dakta Anita Sorensen, ta ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ta karɓe hularsa. Na goyi bayanta.

3. Nan take Daraktan Wasanni, Mista Grant Holloway, ya sauko daga saman rumfar 'yan kallo. A gaban 'yan wasana ya ce mini, kuma na kawo kalmominsa yadda ya faɗe su: "Tsoho, ka mayar da shi ciki, ko Litinin ka zo da kwalin kwashe kayanka." Na ce masa ya koma kujerarsa. Na yarda na ɗaga murya, amma ban taɓa shi ba. An cinye mu 24 da 20. Duk da haka mun samu gurbi a zagayen fitar da gwani da za a fara ranar Asabar, 19 ga wata.

4. Ranar Litinin, 14 ga wata, da ƙarfe takwas na safe, na tarar an canza makullin ofishina. Wani mai gadi da na horar da ƙanensa ya miƙo mini takardar sallama, ya kasa kallon fuskata. Washegari jaridar gari ta ruwaito Mista Holloway yana cewa shekaru sun fara taɓa ni, wai ina manta abubuwa. Shekarata sittin da huɗu. Matata Joyce ce ta fara ganin labarin, a kantin da take sayen burodi shekara da shekaru.

5. Akwai abin da ban manta ba, kuma ban taɓa rubuta shi ba sai yau. A 1994, lokacin ina tare da ƙwararru, wani ɗan wasana mai suna Roland Tibbs ya sha irin wannan bugu. Ya ce mini garau yake, ni kuma ina son nasara, na buga kafaɗarsa na ce ya koma. Ya sake shan wani. A yau Roland yana gidan kula da marasa lafiya. Duk watan Yuni nakan tuƙa mota awa bakwai in je in gan shi, kuma duk zuwa sai 'yarsa ta gaya masa ko ni wane ne, ta kuma gaya masa ko ita wace ce. Ni na mayar da shi fili, ba wani ba.

6. Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: jiya Talata an sanar da Dakta Sorensen cewa ba a bukatarta sai kaka ta ƙare. An kawo wani likita daga waje, ya duba Darnell a ofishin Darakta, cikin abin da bai kai minti goma ba, ya sa hannu cewa zai iya wasa. Abokin ɗakin Darnell ya shaida mini cewa har yanzu ba ya jure hasken fitila. Kwana uku suka rage.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ina roƙon:

(a) Ki ba da umarni a rubuce cewa Darnell ba zai sa hula ba sai likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa ya duba shi.

(b) A mayar da Dakta Sorensen bakin aikinta kafin atisayen gobe.

(c) A janye maganar da aka yi a kaina a jarida. Batun aikina kuwa, na bar wa kwamitin kwaleji, zai iya jira.

Idan ban ji daga ofishinki ba zuwa ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, zan kai kwafin wannan takarda ga hukumar gasa da kuma mahaifiyar Darnell. Ba barazana ba ce, ina gaya miki ne tun yanzu don kada ki ji daga bakin wani.

Na san Darnell kansa ba ya tare da ni. Masu farautar 'yan wasa daga ƙungiyoyin ƙwararru za su zo ranar Asabar, kuma tun yana ɗan shekara tara yake jiran wannan rana. Ya daina ɗaukar wayata. Ɗazu ya aiko mini da saƙo cewa na rusa masa rayuwa, kuma ba zai yafe mini ba har ya tsufa. Na amince da hakan. Abin da nake roƙonki kawai shi ne ki taimaka ya kai tsufan da hankalinsa.

Ki huta lafiya. Naki cikin biyayya da girmamawa,

Lyle Brandvold,
Koci.